Rautar Gidan Renon Yara

Mai aski ne ya fara faɗa, kuma cikin wasa ya faɗa, yana tsaye a ƙofar shagonsa yana kakkaɓe gashi daga tawul.

Yammacin Alhamis ne, lokacin tashi. Maman Bibi ta sauko daga bene da ledar shara a hannu, Bibi a kafaɗa, bayanta na mata irin ciwon wanda ya wuni a sunkuye. Gidan renon yaranta a saman benen yake, ɗaki biyu da falo da ɗan kicin. Ƙasa shaguna ne a jere: mai aski, mai wanki da guga, sai mai fenti a ƙarshe. A gindin matakala wata nas da ke kawo mata 'yan biyunta tana durƙushe tana sa wa ɗaya takalmi, ɗayan kuma yana cire nasa.

"Hajiya Bibi, manyan gari!" in ji mai aski yana tsokanar yarinyar. "Yau kin gasa wa mamanki aya a hannu. Kowa ya yi barci, ke kina tsaye kan katifa da wando a ka kina tiƙar rawa."

Maman Bibi ta yi dariya, don haka aka yi. Sai da ta kai bakin kwandon shara ta tsaya cak. Ɗakin barcin yara taga ɗaya gare shi, ita ma bayan ginin take kallo. Mai aski kuwa, tun ranar da ya taya ta hawa da tukunyar gas, bai sake taka matakalar ba.

"Malam, wa ya ba ka labari?"

"Labari kuma? Ba ga ku nan a waya ba?"

Ya zaro wayarsa daga aljihu, ya dangwala sau biyu, ya juyo mata da ita yana murmushi, kamar mai nuna hoton biki. Ɗakin barcin ne. Ga katifun a jere, ga labulen da ta ɗinka da kanta, ga Iya, dattijuwar da ke taya ta aiki, tana naɗe zannuwa tana sosa ƙeya. A kusurwa kuma ga teburin da ake kwantar da yara a canja musu kunzugu.

"Ni ma irin kyamarar nan ce da ni a shago, saboda masu ɗauke injin aski," ya ce. "Ranar da na hau intanet ɗinku na buɗe manhajar, sai ta kawo mini guda uku. Ɗaya tawa, biyu naku. Na ce ikon Allah, ashe ma da talabijin kyauta."

Nas ɗin ta miƙe a hankali, takalmin yaro a hannunta. "Ba ni wayar," ta ce.

Ta daɗe tana kallo. Ba ta ɗaga murya ba. Mutum ce da ta saba ganin abin da ya fi wannan a asibiti, kuma ta taso daga aiki ne a gajiye, hular aikinta ma tana naɗe a jaka.

"Kai kaɗai ke gani?"

"Ni kaɗai mana. To, wani lokaci dai idan kwastoma na jiran layi, ko yaron da ake wa aski yana kuka, sai in nuna masa 'yan uwansa…" Ya tsaya. Sai a lokacin ya ji abin da bakinsa ke faɗa. Ya sauke tawul ɗin. "Wallahi Sista ba da wata manufa ba ce."

"Na sani." Ta mayar masa da wayar, ta juya ga Maman Bibi. "A kan teburin nan ake tuɓe mini yara. Gobe ba zan kawo su ba, zan kai su wajen ƙanwata. Ran Litinin zan biyo. In na tarar har yanzu wanda ya zo aski yana iya kallon 'ya'yana, zan kwashe kayansu, kuma ba zan ɓoye wa sauran iyaye dalili ba. Ba faɗa nake yi da ke ba, Maman Bibi."

"Na gane, Sista."

Da faɗan ta yi da ya fi sauƙi. Maman Bibi ta koma sama, ta ja kujera, ta hau, ta zare wayoyin kyamarorin biyu daga bango. Iya ta tsaya da zane a hannu tana kallonta.

"Lafiya, uwar ɗakina? Wuta ce ta kama?"

"Iya, ashe duk wannan lokacin a kasuwa muke reno."

Ita ba ta taɓa son kyamarar ba tun farko. Iyaye ne suka matsa, musamman masu aikin ofis, suna so a tsakar rana su leƙa waya su ga yaro ya ci ya kwanta. Wan mijinta, wanda take kira Yaya, shi ya ɗauki abin a kansa. Ya kawo wata 'yar baƙar na'ura mai eriya biyu da ofishinsu ya daina amfani da ita, rauta, wadda ke raba intanet a gini. Ya ɗora ta kan firji, ya haɗa kyamarorin, ya sa sunan Bibi da shekarar haihuwarta a matsayin kalmar sirri, ya ƙi karɓar ko kuɗin mota. Daga nan kalmar ta fara yawo. Uban yaro da ke jira a matakala ya tambaya, an ba shi. Mai aski ya tambaya, ta yaya za ta hana mutumin da ya taɓa hawa mata da gas, yake kuma korar mata 'yan babur daga bakin ƙofa lokacin tashi? Mai guga ya tambaya, shi da ke wanke mata zannuwan katifa ya kawo har sama. Mai fenti ma bai tambaya ba, wajen mai guga ya samu.

Ta kira Yaya tana tsaye a kicin. Ya saurara, ya yi tsaki kaɗan.

"Amarya, abin bai kai haka ba." Har yau amarya yake ce mata, duk da Bibi ta fara gudu. "Canja kalmar sirrin kawai. Kada ki sake ba kowa. Shi ke nan, magana ta ƙare."

Ya bi da ita ta waya, danna nan, shiga can, har ta canja. Ta ji sanyi kaɗan a ranta.

Sanyin bai kai azahar ɗin Juma'a ba. Da safe wani uba ya kawo ɗiyarsa a makare, datarsa ta ƙare, yana so ya kira mota ta manhaja don an kusa rufe masa ƙofar ofis. Yana tsaye yana zufa, jakar yarinya a wuya. Maman Bibi ta ji bakinta yana karanta masa sabuwar kalmar harafi bayan harafi. Can da rana, tana tsakiyar ba wani yaro abinci yana turo cokali da harshe, ta jiyo muryar mai guga a bakin ƙofa da ɗaurin zannuwa, da muryar Iya tana amsa masa a hankali, kamar mai karanta sunan magani.

"Iya! Me kika ba shi?"

"Abin nan naku na intanet. Ya ce nasa ya daina."

"Ba na ce kada a ba kowa ba?"

"To shi kowa ne? Mutum ya hawo bene da kayanmu a ka, ya roƙi abin da ba ya ƙarewa, in ce masa babu? Da wane bakin? Ke da safe ba ki ba baban yarinyar nan ba? Ina jin ki."

Maman Bibi ta ajiye cokalin. Gaskiyar Iya ce. A ginin nan ba a hana ruwa, ba a hana ashana, ba a hana cajin waya, kuma intanet ya shiga sahunsu tun kafin ita ta lura. Ko ta canja kalmar kullum da asuba, kafin la'asar ta kai shagon mai fenti. Ita da Iya duk ba su iya cewa a'a ba, kuma ba yau za su koya ba.

Wayarta kuma sai ƙara take. Kyamara ba ta aiki. Anti, ba na ganin yarona. Lafiya dai ko? Ta riƙa amsawa da cewa ana gyara, ta ɗauki hoton kowane yaro yana barci ta tura wa uwarsa, hannu ɗaya riƙe da waya, ɗayan yana jijjiga wani da ya farka.

Da yamma mijinta ya kira daga hanya, direban babbar mota ne, muryarsa na tafiya tana dawowa. "Ki dai bi Yaya a hankali. Kin san halinsa da kayan da ya bayar."

"Baban Bibi, 'yarka ce ake nuna wa masu jiran aski."

"Ki yi abin da ya dace," ya ce. "Ni zan san yadda zan yi da shi."

Ran Asabar ta goya Bibi ta nufi layin masu kayan kwamfuta. Wuri ne mai rumfuna a cushe, wayoyi na reto a kan mutane, kowane shago da tasa waƙar. Ta shiga na farko da ta ga kwalaye jibge har rufi. Wani matashi mai gyararren gemu ya tare ta da fara'a.

"Hajiya, rauta? Kin zo gida. Ga wannan, eriya shida, dubi ƙahonninta kamar barewa. Wannan in kika kunna ta a bene, har wanda ke tsallaken titi zai samu."

"Ni ba na so na tsallaken titi ya samu."

Ya yi dariya. "To ai gudu ake nema. Fim, ƙwallo, komai ba ya tsayawa."

"Ba fim nake kallo ba. Yara nake reno. Ina da kyamara a ɗakin barcinsu, ina kuma da maƙwabta da nake ba intanet. So nake maƙwabta su samu, amma kada su ga ɗakin. Tana yin haka?"

"Tana yin komai, Hajiya."

"Nuna mini inda take yi."

Ya juya kwalin gaba da baya, ya karanta gefe, ya leƙa ƙasa. "Ai in kin sa kalmar sirri mai ƙarfi shi ke nan. Ki hana su kawai."

Ta gyara goyonta ta fita. Shago na biyu ma haka, na uku kuma ya nuna mata wata tsohuwa da ya ce daga wani banki aka cire ta, ƙarfe ce zalla, ko ta faɗo daga bene ba abin da zai same ta. Rana ta take. Bibi ta fara ƙorafi tana jan ɗankwalinta ta baya, zanin goyon ya jiƙe da gumi. Ta fara tunanin ko ta cire kyamarorin gaba ɗaya ta huta, amma ta san iyaye uku aƙalla da saboda kyamarar suka zaɓe ta.

A ƙarshen layin akwai wani ɗan shago marar waƙa. Wani dattijo mai gilashi, wanda maƙwabtansa ke kira Injiniya, yana zaune ya ɗora ƙafa ɗaya kan kwali, mura ta toshe masa hanci. Bai tashi ba, ya dai tura mata kujera da ƙafa.

"Zauna ki sauke ta, 'yata. Ku biyun duk kun gaji."

Ta zauna, ta kwance Bibi ta ɗora a cinya, ta ba shi labarin tun daga wando a ka har zuwa Litinin. Ya saurara yana jan hanci.

"Kyamarorin, an canja musu tasu kalmar da suka zo da ita daga kamfani?"

"Suna da tasu daban?"

"To. Wannan ɗaya ke nan, kuma ba sai kin sayi komai ba." Ya share gilashinsa da bakin riga. "Yanzu yadda gidanki yake, kamar falo ɗaya ne. Duk wanda kika ba kalmar ya shigo, ya zauna kusa da kyamara, kusa da wayarki, kusa da komai. Rautar da kike nema ita ce mai iya yin ɗaki biyu da bango a tsakani. Layin baƙi daban: su hau intanet, su yi abin da suka ga dama, amma ba sa ganin kowa a gidan. Layin aiki daban. Da yawa suna rubuta layin baƙi a kwali, amma in ba a rufe tsakaninsu ba, suna ne kawai."

"Ita fayawol ɗin da nake ji fa?"

"Katanga ce. Abin da ya taso daga waje yana neman shiga ba gayyata, ta tare shi. Kowace rauta mai hankali tana da ita a ciki. Amma ke naki ba ta katanga ya hauro ba. Ta ƙofa ya shigo, da sallama."

Ta kusa yin dariya, ba ta da ƙarfin yi.

Idonta ya faɗa kan wata babba a saman kanta, fara, mai ramuka jere kamar haƙora. Ta tambaya. Ya ce fayawol ce ta musamman, ta manyan ofisoshi, tana tace komai, tana rubuta duk wanda ya motsa, kuma kowace shekara sai an sabunta mata rajista.

"Ita zan ɗauka," ta ce.

Ta faɗa ne kafin ta yi tunani. Tun Alhamis take ganin teburin canja kunzugu a cikin wayar wani, ko ta rufe ido. In akwai abin da ya fi kowanne tsaro, shi take so, ko da za ta sayar da firjin da za a ɗora shi a kai.

Injiniya ya dube ta ta saman gilashi. "Zan sayar miki, ni ba na ƙin ciniki. Amma wa zai kula da ita? Ofis suna da mutum wanda aikinsa ke nan. Ke ran da ta toshe kyamara da tsakar rana, yaro na kuka a hannunki, iyaye na kira, me za ki yi?"

"In kira ka."

"In ina asibiti da wannan hancin fa? Abin da zai faru, wani zai zo ya ce bari in buɗe komai don ta yi aiki. Daga ranar kina da babban akwati mai tsada wanda ƙofarsa a buɗe take, kuma hankalinki a kwance."

Ta shafa kan Bibi. Ta san wanda zai zo ya buɗe komai. Da kyakkyawar niyya zai yi, kuma ba zai karɓi kuɗin mota ba.

"Ta bankin nan da aka nuna mini a can fa? An ce ƙarfe ce."

"Jikinta ƙarfe ne. Amma kamfaninta ya daina aiko mata gyara tuntuni. Waɗannan abubuwan kullum ana gano musu ɓaraka, kamfani ya aiko da abin toshewa. Wadda aka daina aiko mata, ɓarakarta na nan har ta mutu. Taki ta kan firji ma ina jin haka take, shi ya sa ofishin suka yar."

Ya miƙa hannu ƙarƙashin kanta ya jawo wani kwali marar ado. Rautar da ke ciki ko eriya a waje ba ta da ita, kamar kwanon sabulu. Ya ce tana raba layi da gaske, tana ɗauko gyaranta da kanta, kamfanin kuma ya rubuta har yaushe zai ci gaba da aikowa. Ya nuna mata wurin a shafinsu, ta karanta da kanta, a hankali, tana bi da yatsa.

"Ba ta da kyau," ta ce.

"Ko kaɗan."

"In wuta ta ɗauke ta dawo, sai an sake saita ta?"

"A'a. Amma ki haɗa ta da ƙaramin batir, kada kyamara ta riƙa mutuwa."

"Zan iya gane ta ni kaɗai? Ba na son abin da sai na jira wani."

"Shi za mu gani gobe. Zan zo in haɗa, amma ke za ki riƙa dannawa. Ni ido ne nawa."

Ran Lahadi da rana gidan renon ba kowa sai ita da Iya da Bibi. Injiniya ya hawo benen yana hutawa a kowane kwana. Ta sauke tsohuwar rautar daga kan firji, ta goge mata ƙura da maiƙon kicin, ta naɗe wayarta, ta sa a leda mai kyau. Wannan sai Baban Bibi ya dawo su je tare su kai wa Yaya, da godiya, da duk abin da za a ji.

Suka zauna kan 'yan kujerun yara, gwiwoyinsu kusan a haɓa. Ya faɗa, ta danna. Ta yi kuskure, ya ce koma baya. Suka buɗe layin baƙi, ta ga ɗan akwatin da ke cewa baƙi kada su ga na'urorin gida, ta sa masa alama da yatsanta. Suka canja wa kyamarorin kalmar kamfani. Ya nuna mata yadda za ta ba kowace uwa nata izinin kallo da sunanta, da yadda za ta soke shi ran da aka cire yaro. Bibi ta zo ta zauna kan kwalin ta lotsa shi.

Da aka zo kalmar layin aiki, Maman Bibi ta karɓi wayar ta juya baya. Ta daɗe tana dannawa, haruffa da lambobi da alamomi a cakuɗe, doguwa har ta cika layi, ta bar wayar ta adana ta.

"Wannan ai ke ma ba za ki iya riƙe ta ba," in ji Injiniya.

"Shi nake so."

Iya ta leƙo daga kicin. "Ni ma ba za a faɗa mini ba? Yau na zama baƙuwa a gidan nan?"

"Iya, ni kaina ban san ta ba. Duk wanda ya tambaye mu, mu rantse masa ba mu sani ba, kuma ba mu yi ƙarya ba. Ga ta baƙi nan, gajeriya. Ita ki raba wa duk wanda kika ga dama, har masu wucewa."

"Yo da haka aka yi tun farko ai da ba a ga laifina ba," in ji Iya, ta koma ciki tana mita.

Bayan ta raka Injiniya, ta tsaya a ƙofar mai aski. Tun Alhamis yake kauce mata, in ta sauko sai ya duƙufa kan wanda yake wa aski. Yau ba kowa a kujerar, ba inda zai duƙufa.

"Malam, ba ni wayarka in sa maka sabon layi."

"Haba, Maman Bibi, ki bar shi. Ni na haƙura da intanet ɗin. Manhajar ma na goge ta tun ranar, kunya ta ishe ni."

"Mayar da ita."

"Na'am?"

"Mayar da ita, ka nemo mu kamar yadda ka yi da farko. So nake in gani da idona."

Ya sauke manhajar yana ta ba da haƙuri, tana tsaye a kansa da hannu a ƙugu. Ya danna neman kyamara. Abin ya yi ta juyawa, ya kawo ɗaya: kujerar aski, madubi, da bayan kansu su biyu sun sunkuya kan waya.

"Sake."

Ya sake. Shagonsa kawai. Ta sa shi ya fita bakin matakala, inda layin ya fi ƙarfi, ya sake nema. Ta karɓi wayar ta gwada da kanta.

"To," ta ce, ta miƙa masa. "Ka ci gaba da hawa. Ka faɗa wa mai guga da mai fenti su zo wajen Iya su karɓa."

Ran Litinin ta buɗe tun da wuri. Yara suka fara zuwa, wannan da majina, wancan da takalmi ƙafa ɗaya. Kowace uwa sai ta tsayar da ita a ƙofa ta sa mata sabon izini a waya. Wasu suka tambayi dalili, ta faɗa musu yadda abin ya faru, ba ta rage ba. Wata ta ɓata rai ta ce za ta yi magana da mijinta. Wata ta ce ita dai a daina ba ɗanta biskit kafin abinci.

Nas ɗin ce ta zo ƙarshe, da kayan aiki a jikinta, yaro ɗaya a hannu, ɗaya riƙe da siket ɗinta. Ba ta shigo ba. Ta tsaya a kan matakalar ƙarshe.

"An gyara?"

"An gyara, Sista. Kawo wayarki."

Maman Bibi ta sa mata layin baƙi, ta ce ta nema. Ta nema, ba ta ga komai ba. Sannan ta sa mata nata izinin, ɗakin barcin ya bayyana, katifu a jere, ba kowa tukuna.

"Wa da wa ke iya ganin wannan?"

Ta buɗe mata wurin, sunayen iyaye ne kawai, da nata. "In kin cire yaranki, in soke naki a gabanki."

Nas ɗin ta daɗe tana duban allon. "Teburin nan fa? Ko iyaye ne, ban ga dalilin da uban wani zai ga ana tuɓe mini yara ba."

Ita Maman Bibi wannan bai zo mata ba ko sau ɗaya, duk kwanakin nan hankalinta na kan ƙasan bene. Ta shiga ɗakin, ta kira Iya, suka kama teburin su biyu, suka ja shi yana ƙara a kan siminti har bayan ƙofa, inda kyamara ba ta kaiwa. Kwalin kunzugu ya zube, ba wanda ya tsaya kwashewa. Ta dawo tana haki.

Nas ɗin ta sake duba wayar. Inda teburin yake sai tabon ƙafafunsa a ƙasa. Ta sauke numfashi, ta ɓamɓare yatsun yaron daga siket ɗinta, ta miƙa ɗayan.

"Wannan ya kwana da tari. Maganin na aljihun jaka, cokali ɗaya bayan ya ci."

Ta juya ta sauka da sauri, ta riga ta makara. Yaran biyu suka fashe da kuka a tare. Maman Bibi ta saɓa ɗaya a kafaɗa, ta riƙo hannun ɗayan, ta tura ƙofar da ƙafa ta rufe.